Ranar da na harba sabuwar bindigar Kawu

Yau ba maganar shayarwa ko zazzaɓin yara na zo miki da ita ba. Wani abu na yi wanda har yanzu ban gaya wa abokan aikina ba, don na san wasu dariya za su yi mini, wasu kuma faɗa. Bindiga na harba. Ni da kaina, da wannan hannun da nake ɗaura wa mutane ruwa.

Kar ki ɗauka irin ƙaramar nan ce ta finafinan Indiya, mai ciki mai juyawa, wadda jarumi ke zarowa daga ƙugu ya yi harbi shida bai ko ƙifta ido ba. Wannan a ƙasar nan ba ta talaka ba ce. Dokar makamai ta 1959, wadda har gobe da ita ake aiki, ta sa fistol da 'yan'uwanta a sahun makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Mai baki biyu ta harbin tsuntsu, babban sufeton 'yan sanda ne ke ba da takardarta. Tamu ta ƙauye kuwa, wadda ake durawa ta baki, tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ita nake nufi. Wasu su ce adaka, wasu bindigar toka, masu tsokana su ce harba-ka-ruga, tunda in ka harba sau ɗaya ba ka samu ba, to kafin ka sake dura ta gara ka nemi hanya.

Ta Kawu ce, ƙanin mahaifiyata, a wani ƙauye cikin ƙasar Kibiya. Manomi ne, in an yi kaka kuma maharbi. Tsohuwar da ya gada a wurin kakanmu ta tsage, ya daɗe yana lallaɓa ta da waya da robar tayar keke, har Allah ya sa amfanin gona ya yi kyau ya sayar da dawa ya yi sabuwa. Gonarsa a gindin dutse take, birai sun hana shi sakat, ga shanun huɗa biyu da yake kwana da fargabarsu. A wurinsa bindiga kamar garma take ko lauje. Kayan aiki ce.

A wurina kuwa ba haka take ba. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, kuma duk sanin da na yi wa bindiga daga ƙarshenta na san ta, wato daga inda ta gama aikinta aka kwaso mana. Na wanke hannun magidanci da bututun bindiga ya fashe masa, yatsu biyu kawai muka iya ceto. Na zauna da yaron da ya watsa albarushi a murhu don ya ga tartsatsi, gira da gashin ido duk suka tafi, sati uku uwarsa tana ba shi kunu da cokali. Akwai wata yarinya da ba zan faɗi komai a kanta ba, sai dai wanta ne, kuma wasa suke yi, kuma kowa a gidan ya rantse bindigar babu komai a cikinta. Lokacin hawan sallah, in 'yan bindiga suka fara sakin ta a gaban sarki, kowa murna yake yi, ni kuwa lissafin bandejin da ya rage a ɗakin taimakon gaggawa nake yi.

To, ina da ɗa ɗan shekara tara. In kina da namiji mai irin waɗannan shekaru kin riga kin san sauran zancen. Kara bindiga ne, muciya bindiga ce, har silifas ɗina ya taɓa zama bindiga. Na hana, na yi faɗa, na karya bindigar roba biyu da baffanninsa suka saya masa da sallah. Da muka tashi daga Rano muka je gaida Inna a hutun ƙarshen shekara, ya ji Kawu zai gwada sabuwar bindiga da safe, yaron nan bai yi barcin kirki ba. Na ce ba za shi ba. Inna ta ce, "Ke kuwa, in kin hana shi yau, gobe ta bayan katanga zai bi su." Na san gaskiya ta faɗa. Sai na yafa mayafi na ce to tare za mu.

Da sanyin safiya muka fita, hazo ya rufe duwatsun, leɓe duk ya bushe. Mu biyar ne: Kawu, babban ɗansa, wani abokin farautarsa, ni da yarona. Na zaci a jikin dutse za su jingina abin da za a harba. Kawu ya ce a'a, dutse yana mayar da harsashi, shi ba ya karɓar bashi. Sai da muka gangara wani busasshen rafi mai doguwar gaɓa ta yashi, ya tura ɗansa ya hau sama ya leƙa ko akwai makiyayi ko masu itace a bayanta, sannan ya kafa wata tsohuwar fanteka.

Abin da ya yi bayan nan ya ɗan rage mini raini. Bai ɗora sabuwar bindigar a kafaɗarsa ba. Ɗaure ta ya yi a kututturen wata bishiya, ya ƙulla doguwar igiya a kunamar, ya kora mu duka bayan wani suri, sannan ya ja. Ya ce ba a yarda da aikin maƙeri sai wuta ta shaida, in za ta fashe ta fashe wa bishiya. Sau biyu ya yi haka, kowane karo ya kwance ta ya bi bututun da ido da yatsa yana neman tsaga. Na tsaya ina tuna mutumin nan mai yatsu biyu. Da ya san wannan dabara, da yanzu yana cin tuwo da hannunsa.

Sai a karo na uku ya harba da kansa. Fantekar ta yi tsalle. Yarona, da na sa ya toshe kunnuwa da yatsu, ya yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba.

Kawu ya sake dura ta a natse, ya juyo ya dube ni.

"Likita," haka yake kirana, ko sau nawa na ce masa ni nas ce, "ke da kike yi wa maza allura suna kuka, wannan ce take ba ki tsoro?"

"Kawu, ba tsoro ba ne. Na san aikinta ne."

"Kin san ɓarnarta dai. Zo ki san ta."

Wallahi ba zan iya gaya miki abin da ya ɗaga ƙafata ba. Wataƙila idon yaron da ke kaina. Wataƙila kuma na gaji da tsanar abin da ban taɓa ko taɓawa ba.

Abu na farko nauyi. Na zaci kamar taɓarya ce, ashe nauyinta duk a gaba yake, bakin sai rinjayata yake yi zuwa ƙasa. Itacen sabo ne, yana warin man da aka shafa masa, ƙarfen kuma sanyi ƙalau kamar kayan tiyata da asuba. Kawu ya gyara mini tsayuwa, ƙafar hagu gaba, ya ce in manna gindin sosai a kafaɗa, in na bar rata za ta mare ni. Ya ce kar yatsana ya kusanci kunama sai na shirya. Ya ɗaure mini bakin mayafi ta baya don kar ya shiga tsakani. Na rufe ido ɗaya, fantekar da ɗazu take da girma ta koma kamar murfin kwalba, tana ta rawa. Ba ita ke rawa ba, ni ce. Ni da ake kira in an rasa jijiyar jariri saboda hannuna ba ya rawa.

Na ja.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne akwai ɗan jinkiri. Kunama ta sara, ƙyas, sai wani ɗan shiru da bai kai ƙiftawar ido ba, wanda ya ishe ni in fara tunanin ta ƙi tashi. Sannan duniya ta tsage. Ba a kunne na ji ƙarar ba, a ƙirji na ji ta, da haƙora. Wani abu ya bangaje kafaɗata kamar rago ya tunkuye ni, na yi taku biyu da baya, hannun Kawu ya tare ni. Farin hayaƙi ya rufe gabana gaba ɗaya, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya shiga hanci ya zauna a maƙogwaro. Da ya washe, fanteka na nan daram inda take. Yashin gaɓar ne kawai ya zubo, can sama, nesa da ita. Na ga bakin mutanen yana motsi, suna dariya, amma ban ji su ba. Kunnena na hagu wiii kawai yake yi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta miki wannan, kuma da kunya nake faɗa. Na ji daɗi. Ba ɗan kaɗan ba. Jikina na ɓari, zuciyata na dukan uku-uku, amma dariya ce ta kuɓuce mini, irin wadda rabona da ita tun ina budurwa. Wani ƙarfi na ji, kamar na yi tsawa da hannuna kuma dutse ya amsa. Da Kawu ya ce in ƙara, sai da na yi kokawa da raina kafin na ce a'a. Ni fa, mai shekara talatin da wani abu, uwar yara uku, wadda ta san kamannin cinyar da harsashi ya shiga.

Na juya na ga fuskar ɗana. A nan jikina ya yi sanyi. In ni da na ga abin da na gani ta ja ni haka, shi fa? Shekara nawa ina ce masa bindiga mugun abu ce, abin ƙyama, ashe shi ya san akwai wani abu a cikinta da ban faɗa ba, shi ya sa maganata ba ta shigarsa. Yaro yana gane lokacin da aka ba shi rabin gaskiya.

Kafin in wuce, takardar bindigar nan da sunan Kawu take, ba da nawa ba, don haka ba cewa nake ki kwaikwaye ni ba. Kuma kunnen nan kwana biyu ya yi yana ƙugi. Ƙarar bindiga takan haura desibel 140, ma'aunin da harbi ɗaya tak zai iya yi wa ji lahanin da ba ya gyaruwa. Ki lura da tsofaffin maharba, yawancinsu sai an ɗaga murya, su kuma su ce tsufa ne. Ranar hawa, in kin ga 'yan bindiga sun doso, ki ja da baya da goyonki, ki rufe masa kunnuwa da tafukanki. Auduga ba ta tare komai.

Da muka koma gida ne hankalina ya tashi na gaske. Mutumin nan da ya yi taka-tsantsan a daji kamar likitan tiyata, yana shiga ɗaki ya rataye bindigar a ƙusa bayan ƙofa, a ɗure. Yaro in ya taka turmi ya kai. Albarushin yana cikin wata kwalba a kan katangar ɗaki, kusa da ashana. Harsasan kuma a gwangwanin madara, ba murfi, a ƙarƙashin gado. Ina tsaye ina kallo jikarsa mai rarrafe ta fito daga ƙarƙashin gadon tana mamular wani abu. Na sa yatsa na zaro. Ƙwayar dalma ce.

Kin tuna Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum? Can daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalma dalma ce. Ba sai ta kashe ba. Kaɗan-kaɗan take taruwa a jikin yaro, ta rage masa jini, ta daƙushe ƙwaƙwalwa, a wayi gari ana dukansa a makaranta ana cewa daƙiƙi ne.

Na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah ina da magana." Na faɗi abin da zan faɗa da ladabi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yar nan, a gidan nan aka haifi uwarki, bindiga na rataye a bayan ƙofa. Wa ta taɓa ci? Yaranmu sun san ba a taɓawa." Na ce gidan su yarinyar nan ma haka suka ce. Ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sannan ya kawo wadda ta fi ƙarfina: "In ɓarayi suka zo kwance shanu da ƙarfe biyun dare, ce musu zan yi su dakata in nemo makulli? Bindigar da ke kulle ai sanda ta fi ta."

Ban da amsa a lokacin, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce tsoronsa na banza ne ba. Wanda ke kwana a cikin gari, kusa da ofishin 'yan sanda, ba shi da bakin yi wa na ƙauye wa'azi a kan wannan. Kuma mutumin nan ba mai wasa da doka ba ne. Takardarsa na naɗe cikin leda a aljihun 'yar shara, ko bayan gari ba ya zuwa da bindiga ba tare da ita ba. Ya ce tun abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo, a ƙarshen Maris ɗin 2025, da aka tare mafarauta 'yan Kano suna hanyar dawowa gida yin ƙaramar sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Bunkure ne, maƙwabtanmu. A yankinmu ba a ba da labarin nan kamar na rediyo, kamar na gida ake ba da shi. Da ya ambata, sai da ɗakin ya yi tsit.

Bari in cire mayafi in sa farar riga na minti biyu, don wannan ko ba ki da maharbi a dangi zai iya yi miki amfani. In harbi ya sami mutum, ki sami tsumma mai tsabta ki danne wurin da ƙarfi, kar ki riƙa ɗagawa kina leƙawa. In ya jiƙe ki ɗora wani a kai. Kar a tona neman harsashi da wuƙa ko aska. Kar a zuba toka, ko ƙasa, ko man birki, ko garin magani. Ƙaramin rami a waje ba ya nuna girman ɓarnar ciki, musamman a ciki da ƙirji da cinya, don haka ko yana tafiya da ƙafarsa a kai shi, kuma kar a ba shi abinci ko ruwa ko da za a shiga tiyata. A tuna da allurar tetanus. In ƙunar albarushi ce, ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoyo. Sai a ajiye mai rauni a ɗaki kwana biyu, uku, don tsoron 'yan sanda, sai ciwon ya fara wari a ɗauko shi. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da su daga baya. E, za a yi tambayoyi. Amma tambaya ba ta yanke ƙafa, jinkiri ne ke yankewa. Daga nan wajenmu, in abin ya fi ƙarfinmu, sai an bi ta Bunkure an shiga Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala, kuma wannan tafiya kaɗai ta isa jinkiri.

Mu koma gidan Kawu. Da na ga ba zan ci nasara ba, sai na yi abin da kowace 'yar Bahaushe ta iya. Na kai ƙara wurin Inna. Ban yi dogon bayani ba, ƙwayar dalmar nan kawai na ajiye mata a tafin hannu na gaya mata bakin da na ciro ta. Ta yafa zane ta taka har ƙofar ɗakinsa.

"Kai, Auta."

Mutum mai furfura, mai jikoki bakwai, ya fito yana cewa, "Na'am, Yaya."

Ban ji sauran ba, don korata aka yi. Amma ga yadda aka ƙare. Albarushi da harsasai sun koma cikin tsohon akwatin ƙarfe na auren matarsa, na aika da kwado daga kasuwar Rano. Bindigar da rana tana ɗakin ajiyar hatsi a kulle, makulli a aljihunsa, ya kuma cire ɗan abin nan da kunama ke sara ta tashi, ya ajiye daban. Da dare in yara sun kwanta ya ɗauko ta ya ajiye kusa da shi. Ban gamsu duka ba. Na so a ce ba a ajiye ta a ɗure kwata-kwata, don bindigar da ke da albarushi a ciki ba ta da amana ko an cire mata me. Ya ce wannan kam sai dai in na zo na riƙa kwana a garken. A nan muka tsaya.

Ni ma na canja wani abu. Da, in zan tura yara hutu ƙauye, maganin sauro nake tambaya, da ruwan sha, da ko an rufe rijiya. Yanzu na ƙara ɗaya: akwai bindiga a gidan, kuma ina take kwana? Da nauyi a baki, musamman in gidan surukai ne. Na farko da na tambaya sai da aka yi mini wani kallo. Na ce aikin asibiti ne ya mayar da ni haka, a yi haƙuri da ni, aka yi dariya, aka kuma nuna mini inda take.

A hanyar dawowa, cikin mota, na zaunar da yaron kusa da ni na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba. Na ce masa na ji daɗin harbin. Ya zaro ido. Na ce shi ya sa take da haɗari, da ba ta da daɗi ba wanda zai ɗauka. Na buɗe masa kafaɗata ya ga inda jini ya kwanta, baƙi-ƙirin kamar tafin hannunsa. Na ba shi labarin yaron murhu, ban rage komai ba. Muka yi alkawari: in ya ga bindiga a ko'ina, ko an ce masa babu komai a ciki, ba zai taɓa ba, zai fita, zai kira babba. Ya tambaye ni yaushe shi zai harba. Na ce doka ba ta ba wa wanda bai kai shekara 17 takarda, in ya kai, kuma Kawu na raye, mu yi maganar.

Ya yi shiru har muka wuce kwanar shiga gari, na ɗauka barci ya yi. Ashe lissafi yake da yatsu.

"Umma, saura takwas."

Shekaranjiya ina duba jakar makarantarsa na ga ya rubuta 8 a bayan littafin lissafi, ya zagaye ta da jan biro.